Ranar da Auta ta ƙi shan ruwa

Malamar kimiyya ta ba 'yan aji biyar aikin gida. Kowa ya ƙirƙiro wata ƙwayar halitta wadda ido ba ya iya gani, ya kuma zana yadda jikokinta za su canza bayan dubban shekaru.

Wata yarinya ta baje takardunta a kan tebur. Ta zana koriyar ƙwaya mai wutsiya ɗaya, tana iyo, tana haɗa abincinta da hasken rana kamar ganye. 'Ya'yanta suka yi ɗigon ido don bin haske. Jikokinta suka manne da juna, suka zama ƙwallo.

Ƙanwarta Auta ta leƙo. "Yaya, a ina suke zaune?"

Yayar nan kuwa akwai tsokana. "A ruwan da kike sha mana. In suka shiga cikinki, ganye zai tsiro miki a ka."

Ta yi dariyarta, ta manta.

Auta kuwa ba ta manta ba. Washegari ko ɗigon ruwa ba ta sha ba. Kafin yamma leɓɓanta sun bushe, ta kwanta tana riƙe da kai.

"Me ke damun yarinyar nan?" in ji Mama. "Ɗauko mini jakata, asibiti za mu."

Yayar ta matso kusa. "Mama, laifina ne," ta ce, ta faɗi komai.

Mama ta yi mata wani kallo. "To, ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Yayar ta durƙusa gaban Auta. "Ƙarya na yi miki. Babu su, ni na ƙirƙiro su."

"Ai na gan su a takarda."

Yayar ta jawo takardar. Sai ta miƙa mata fensir. "Zana mini tattaɓa-kunnensu, yadda kika ga dama."

Auta ta zana ƙwallo, ta sa masa takalma da tabarau. Ta tsaya tana kallonsa.

"Haka kika yi naki?"

"Haka na yi."

Auta ta karɓi kofi ta shanye, ta miƙo a ƙara mata. Sai a lokacin hankalin yayar ya kwanta.

Mama ta ajiye jaka, ta ce, "Ƙirƙira abu ne mai kyau. Amma ki riƙa faɗa cewa ƙirƙira ce, domin ƙaramin yaro duk abin da babba ya gaya masa gaskiya ne a wurinsa."