Haɗin Naman da Garba Ya Bar Mini

A shekarun fari da yunwa na rasa miji, na rasa akuyoyina, daga ƙarshe na rasa sirrin haɗin naman da nake ci da shi. Abin da na samu kuwa ɗa ne, wanda ban haifa ba. Ni ce Indo ta Birni, matar marigayi Garba mahauci, kuma duk Damagaram ba wanda ya taɓa cutata a ciniki.

Garba bai bar mini gona ba, haɗi ya bar mini. Lokacin shanu sun rame, sai ƙashi da jijiya, in aka gasa naman kamar kana tauna igiyar guga. Masu tsire kan aiko mini da nasu da safe, in rufe ɗaki in jiƙa, kafin la'asar ya yi laushin da tsohuwa mara haƙori ma za ta ci. Kowa ya san akwai ganyen gwanda da tsamiya da citta da kanumfari, hanci ma ya gaya maka. Amma wanne ke fara shiga, da yaushe ake tsame naman, daga ni sai autata Ramlatu muka sani, ita ma sai da ta rantse mini ba za ta faɗa wa kowa ba.

Wata rana da hantsi ina dakan kimba, sai ga ta ta faɗo gida ko sallama babu, ga tsohon ciki, idanu jajur.

"Ke lafiya? Wa ya mutu?"

"Inna, aurena ne zai mutu! Yaya Zakari ya ce ko in faɗa musu haɗin, ko a sake ni yau!"

Zakari shi ne wan mijinta Tahiru. Tunda ubansu ya rasu, rumfar nama da rumbun hatsin gidan duk suna hannunsa.

"Shi mijin naki me ya ce?"

"Bai taɓa tambayata ba, Inna, ko da wasa. Yaya ne ya gwada da kansa. Ya lafta ganyen gwanda, ya zuba kanwa, ya bar shi ya kwana. Da gari ya waye cinyar sa guda ta dame kamar fate, ga ɗaci. Shi ne ya huce a kaina."

Ba ta rufe baki ba muka ji sallama. Zakari ya shigo har tsakar gida da takalmansa. Tahiru kuwa ya tuɓe nasa tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, kai a sunkuye.

"Inna Indo, ciniki na zo. Karsana zan ba ki."

"Karsana a bana? Wadda sai an sa mata sanda a ciki take tashi? Albarka."

"To, buhun gero."

Ba zan ɓoye ba, na yi kwaɗayi. Rabona da ganin buhu cike har na manta. Amma na ce, "Gero ana cinye shi, Zakari. Haɗi ba ya ƙarewa. Albarka."

Ya harzuƙa, ya juya kan ƙanensa. "Ka ji ko? Sun ci sadakinmu, suna kallo muna asara! Wace irin mata ce za ta ɓoye wa gidan mijinta arziki? Sake ta yanzu, a gaban uwarta! In ka ƙi, ba kai ba rumfa, kuma ko tiya ɗaya ba za ka ƙara gani daga rumbu ba!"

Ramlatu ta faɗi a ƙafafuna. "Inna, ki warware mini rantsuwar nan, don Allah! Ina zan kai cikin nan cikin yunwa?"

Na riƙe taɓarya na ci gaba da dakana. Na san in na saki yau saboda barazana, gobe wani abin za su nema, kuma wuyan 'yata ne igiyar da za su riƙa ja.

Sai Tahiru ya ɗago. Tunda ya auri 'yata ban taɓa jin muryarsa sosai ba, saboda kunya.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ramlatu na aura, ban auri ƙwaryar haɗin Inna ba. Matar da ta riƙe amanar uwarta, ita ce za ta riƙe tawa."

"Au! Ni kake gaya wa haka? Soyayya za ku dafa ku ci?"

"Allah da ya tsaga baki ba zai hana shi abinci ba. Ga wuƙarka."

Ya ciro wuƙar fawa daga ƙugu, ya ajiye a ƙasa. Zakari ya ɗauke, ya fita yana cewa, "Wala, shi ke nan! Kun ga abin da kuka jawo!"

Tahiru da Ramlatu suka kama wani ɗan ɗaki a bayan ganuwa. Ɗan mahauta guda ya koma dako a tasha, yana sauke buhunan taimako daga kamiyo, babbar motar kaya, kafaɗarsa duk ta saɓule. Abin da ya samu a kan Ramlatu yake ƙarewa, shi ya sha ruwa ya ce ya ƙoshi. Kullum da safe zai ajiye mini bido, wato jarka, na ruwa a gindin gwandata don kada ta bushe, ya gaishe ni daga zaure, ya wuce. Na zuba ido in ga ranar da zai ce, "Inna, dubi halin da muke ciki." Na jira har Ramlatu ta haihu, har aka yi suna da ɗan akuya. Bai ce ba.

Bayan arba'in na aika ya zo. Na buɗe ɗakin haɗin, wanda tun rasuwar Garba daga ni sai Ramlatu ke shiga.

"Shigo."

"Inna, ni?"

"Da wa nake? Wanke hannunka. Yanka naman falle-falle. Tsamiya ce farko, ita ke buɗe shi. Ganyen gwanda murza shi ake yi a naɗe, ba a dakawa a ciki, kuma da inuwar katangar can ta taɓa turmi, ka cire, ka ɗauraye. Gishiri a ƙarshe, in ka fara da shi nama ya ƙulle. Sannan yaji da ƙuli."

Hawaye suka zubo masa. Ramlatu na bakin ƙofa da jariri tana dariya tana kuka.

'Yan mata, ku ji da kyau. Mai haɗama yana son abin hannunki, mai ƙauna ke yake so, kuma yunwa ce ke bambanta su. Zakari ya yi gaggawa ya tashi a tutar babu, mai haƙuri kuwa aka kira shi har ɗaka.

Tahiru ya share fuska ya ce, "Inna, ba ni da abin biya."

"Wa ya ce maka kyauta ce? Indo ba ta kyauta. Duk ranar da 'yata ta dawo gidan nan da kuka ta dalilinka, ina raye ko na mutu, haɗin nan ya haramta a gare ka. Ka yarda?"

"Na yarda, Inna."

"To, na sallama. Wannan ne kuɗinsa."