Ranar da Anka Sace Kihin Dutse

Ni dai ban taka ko'ina ba, ina ɗaka gidan babana, ina wankan jego. Amma duk wanda ƙahwarshi tash shiga cikin wagga magana ya zo mani barka, kuma ba wanda nib bari yat tashi sai da niz zazzage shi. To ku saurara, komi na wurina!

Maigidana ja-gora ne. Sunanshi ba ya hita bakina, amma in kun ji an ce Hamidu, shi ne. Garinmu na gindin duwatsu, gaba kaɗan da Garhanga. Ranakkun hutu ma'aikatan asibiti da malaman lakkwal, wato makaranta, da ƴan biro masu aikin ohis na Tawa suna zuwa, shi hau da su bisa tudu, wata rana a ƙahwa, wata rana da kekunan nan masu ƙatuwar taya. Abin da kowa ke zuwa gani shi ne kihin dutse: wani dutse mai hwaɗi awa hwaranti, da kihi kwance cikinshi, ƙaya-ƙaya har wutsiya. Malamai sun ce da can teku ce a wurin. Ni ban sani ba, aji biyar nit tsaya.

Ran Juma'a nih haihu, mace, ɗiyar hwari. Ran Assabar maigida yah hau da baƙi ukku a ƙahwa. Sunka isa, ba kihi! An ɓamɓare shi da ƙarhe, sai rami. Ran Lahadi Nazir mai masaukin baƙi, wanda kekunan ke kwana wurinshi, yat tahi komisariyar Keita, wurin ƴan sanda, yac ce ja-gora ya saida kihin ga baƙi. Ran Littinin sai ga Ansipekta Yasin, wani siriri mai ƙaramin littahi a aljihu.

A zauren maigari anka zamna. Dattawa sun cika, babana na gaba-gaba.

"Ran Juma'a da sahe ina kake?" in ji Ansipekta.

Maigida yad dubi babana, yad dubi tabarma. "Ina daji, mushe."

"Wane daji?"

"Wajen duwatsu."

"Da wa?"

"Ni ɗai."

"Kana mi?"

"Shan iska."

"Tun hantsi har azahar kana shan iska? Kai taya ce?"

Anka yi dariya, maigida bai yi ba. Nazir yam miƙe, gajere ne mai tumbi, yac ce, "Wallahi da idona nig ga jan keke ya yi tudu ran Juma'a. Jan keken kuwa na Hamidu ne, kowa ya sani." Mata biyu masu itace su ma sunka ce sun hango jan keke daga nesa.

Ansipekta yar ruhe littahi. "Hamidu, doka ta ba ni kwana biyu in riƙe ka. In Laraba ta yi ban samu wani ba, takardarka ta wuce wurin alƙali, daga nan ba ni da iko. Ƙarya kake yi mani, wannan na sani. Abin da ƙaryar ke ɓoyewa ne ban sani ba, kuma sai na sani."

Anka sa shi mota. Ga suna ran Juma'a! Da nij ji, kunun kanwar da ke hannuna ban san sadda yaz zube ba. A raɗa ma ɗiyata suna ubanta na kurkuku?

Ansipekta bai bi motar ba. Yac ce a kai shi tudu yanzu-yanzu. Inna Cima tak kai shi, tsohuwar da ke shugabancin matan da sunka gina rabin-wata. Rabin-wata su ne ramukkan nan da ake yi gehen tudu, a jera masu duwatsu, su tare ruwan sama ciyawa ta hito. Takalmin biro gare shi. Sau biyu shina zamewa, Inna Cima na gaba ko haki ba ta yi.

"Ɗana, mu koma? Ka yi hwari hwat."

"Mu je, Inna. Ko da rarrahe."

Rabin hanya yat tsaya. Ruwan ƙarshe ya bar laka cikin ramukkan, ta bushe, ga sawun taya a kai sarai. Ya ratsa rabin-wata ukku, ya rushe masu baki.

Inna Cima tad dahe ƙirji. "La'ilaha! Wane marar mutunci ne wanga?"

"Ba nan Hamidu ke bi da baƙinshi ba?"

"Nan shike bi, amma taya ba ta taɓa ƙasa. Tun sadda yah hwara aikin nic ce mashi, gumin mata ne nan. Daga wancan gawon kowa sai shi saɓa kekenshi a kahwaɗa har bisa. Na ga babban likita mai hurhura ɗauke da keke shina nishi awa jaki. Shekara huɗu, ko dutse ɗaya bai ture mana ba."

Ansipekta yad durƙusa. Sawu biyu ne. Na hawa siriri. Na saukowa ya baje, shina karkace-karkace, ga sawun ƙahwar mutum a gehe.

"Ya sauko shina turawa," in ji shi. "Tayar baya ba iska."

"Ai dole. Ƙaya ce cike a nan. Wanda yas san wurin ba ya yin wagga wauta." Sai taƙ ƙara, "Kai, yaron nan, ga matarshi ta sauka ran nan, ga wanga bala'i."

"Wace rana?"

"Juma'ar nan."

"Na hwari?"

"Na hwari."

"Surukinshi na cikin zauren ɗazu?"

"Shi ne mai hwarin rawani, kusa da kai."

Inna Cima tac ce mani nan yay yi murmushi shi ɗai.

Talata da sassahe sai ga shi matarniti, inda nih haihu. Madam Susana ce tak karɓi haihuwata, sajifam ɗinmu, wato ungozomar asibiti, bakinta ba birki.

"Madam, ran Juma'a kin ga wani namiji na shawagi nan?"

"Shawagi? Tsayuwa dai! Wani dogo awa turken lantarki, bayan katanga, gindin dogon-yaro. Tun rana ba ta yi zahi ba. Nic ce ko ɓarawon awaki ne. Na leƙa shina nan, na koma na leƙa shina nan, ya manna kunne ga bango shina jan casbi. Nic ce, 'Bawan Allah, matarka ce ciki?' Yac ce, 'A'a, inuwa nike sha.' Inuwa! Ga itatuwa cike da gari!"

"Har yaushe?"

"Har anka kira sallar Juma'a. Jaririya na tsala kuka nib buɗe taga nic ce, 'Mai shan inuwa, mace ce, duk lahiya lau!' Mutumen nan yaz zura da gudu har ya bar takalmi ɗaya. Ga shi can cikin kwali, na aje."

Kun ji hwa! Ni ina ciki ina kiran sunan Allah, ina cewa ko ya san halin da nike, ashe bango ɗai ke tsakaninmu. Ku kun san al'adarmu, ɗan hwari ba a nuna an damu da shi, balle gaban suruki. Shi ne yag ga gara shi tahi kurkuku da shi ce, gaban babana, ya yini laɓe bayan ɗakin haihuwa. Wannan mutum!

Amma Ansipekta yac ce takalmi ɗai ba ya isa. Alƙali kihi shike so, da wanda yaɗ ɗauke shi.

Yaw wuce masaukin Nazir da lakilen maigida, makullin ɗakin kekuna. Nazir yat tarbe shi da shayi, ya aje kujeru tsakar gida, kusa da wani sabon dakalin siminti mai rami a tsaka.

"Wanga na mine ne?"

"Na aza butar shayi, mushe."

"Babbar buta ke gare ka. Lakilen ɗakin kekuna guda nawa ne?"

"Guda ne, wurin Hamidu. Nawa ya ɓace tun bara."

"Kana hawan keke?"

"Ni? Da wagga gwiwa? Rabona da keke tun ina lakkwal."

Ansipekta yal lura tun da sunka zamna Nazir a bakin kujera shike, bai jingina ba ko sau ɗaya.

Anka buɗe ɗakin. Kekuna shidda, ba a taɓa su ba tun Juma'a, tunda tahiyar Assabar ta ƙahwa ce. Ansipekta yaj jawo jan. Yad dubi ƙarhen da ke riƙe da sirdi: akwai zobe mai ƙyalli inda anka saba ɗaure shi, amma yanzu sirdin ya sauka ƙasa da wurin, kusan taƙi guda. Yah hau. Shi da ba dogo ba, gwiwarshi na bugun hannun keken.

"Hamidu in ya hau wanga, haɓarshi za ta sha gwiwa," in ji shi. Yam matsa tayar baya. Tam da iska. "Ikon Allah. Keke ya sauko ba iska, ya kwana ɗaka, ya cika kanshi."

Nazir yac ce, "Ai Hamidu na gyaran tayunshi da kanshi."

"Haka nij ji."

Mai gyaran taya ɗaya ne garinmu, Ɗanlami, bakin tasha.

"Ran Juma'a an kawo maka tayar keken dutse?"

"Juma'a? Mushe, ni tun sha biyu ina masallaci. Sahun gaba."

"Madalla. Liman kan mi yay yi huɗuba?"

Ɗanlami yas sosa ƙeya. "Kan... tsoron Allah."

"Kan haƙƙin maƙwabci yay yi, na tambaya. Ɗanlami, ban zo kama wanda bai je Juma'a ba, wannan tsakaninka da Mai Sama. Amma akwai mutum a ruhe, ɗiyarshi kwana huɗu a duniya."

Ɗanlami yad dubi hagu da dama, yar rage murya. "Don Allah kar tsohuwata ta ji. Ina shirin tahiya yaz zo da ita cikin buhu, tayar ɗai, ba keken. Yac ce yanzu-yanzu, kahin mutane su hito. Huji bakwai! Ina gamawa ana sallamewa."

"Wa?"

"Nazir. Rigarshi ma duk jini a baya, yac ce katanga ce ta kwarje shi."

Laraba da hantsi anka koma zauren maigari. An maido maigida daga Keita, shina zamne ya sunkuyar da kai. Ansipekta yas sa anka shigo da jan keke.

"Nazir, zo ka hau."

"Mushe, gwiwata..."

"Ba tuƙawa nic ce ba. Zamna kawai."

Yaz zamna. Ƙahwahunshi sunka sauka bisa pedal daidai, awa tela ya auna shi.

"Yanzu tuɓe riga."

"Gaban dattawa?"

"To bari in hwaɗa maka abin da ke ƙarƙashinta. Keken ga ba shi da wurin aza kaya. Goya dutsen kay yi, awa jariri, yak kwarje maka baya. Ka bi ta cikin rabin-wata don ba ka san ana ɗaukar keke a wurin ba. Ƙaya ta ci taya, Ɗanlami ya liƙe. Komi ka maida wurinshi, sai sirdi. In aika a kwance gidanka ɗaki-ɗaki, ko ka hwaɗi da bakinka?"

Nazir yas sauka, yaz zamna ƙasa daɓas.

"Shina cikin mataccen hirjin nan na bayan kicin, cikin bargo."

"Don mi?"

"Mushe, baƙi su kwana wurina, gari na wayewa su bi shi tudu, su dawo ba su da zance sai Hamidu, Hamidu, kihi, kihi. Ni ko sunana ba su riƙewa. Nic ce in kihin na tsakar gidana, wa zai sha wahalar hawa? In bari shekara ta wuce, in ce wurin wani ɗan kasuwa nis same shi, in aza bisa dakalin."

"Shi kuma Hamidu?"

"Da nij ji matan sun hango jan keke, tsoro yak kama ni. Nic ce gara in riga kai ƙara."

Inna Cima daga bakin ƙohwa tac ce, "Rabin-watana ukku hwa, wa zai gyara?"

Anka ɗauko kihi, ko ƙaya ɗaya bai karye ba. Anka sa ma Nazir ankwa, yash shiga mota ta baya, bai jingina ba. Kahin su tashi babana yac ce, "Mushe, to shi wanga ina yat tahi ran nan?" Ansipekta yad dubi maigida, yad dubi littahinshi, yac ce, "Shan iska, Baba. Na bincika."

Alhamis maigida da mutanen meri, hukumar gari, sunka maida kihi wurinshi, anka kama shi da siminti. Juma'a anka yi suna, shina nan cikin hwarar riga, shina yi awa bai san ɗiyar wa ake ma taro ba.

Sai ga Madam Susana da turmin zane, da wani abu cikin leda. Ba ta shigo wurin mata ba, sai da tat tsaya ƙohwar gida inda maza ke cin goro, taɗ ɗaga shi sama.

"Jama'a, wani mai shan inuwa ya bar wanga bayan katangarmu ran haihuwa. Na wa ne?"

Maigida yac ce, "Ban san shi ba."

Babana yak karɓa, yaj juya shi, yad dubi lamba. "Arba'in da shidda," in ji shi. "Garin ga ƙahwa ɗaya ke cika wanga." Yam miƙa ma ƙanwata. "Kai ma yayarki ta aje. Mai shi shi zo nema in kunya ta sake shi."

Shina nan ƙarƙashin gadona. Yau kwana goma sha biyu, bai tambaya ba.