Tabon Mari a Ƙafar Jibo

Ranar Litinin da hantsi Alhaji Sanda ya shigo caji ofis daga wani ƙauye a gefen Maska, yana janye da ƙanensa Jibo mai taɓin hankali. Ya ce Jibo ya hau rumbun gandunsu ya kwashe dawar.

Sufeto Almustapha ya tambayi Jibo ko shi ne. Jibo ya ce, "E." Aka dangwala yatsansa a takarda, aka rufe shi.

Ran Alhamis sai ga Sista Gertrude, tsohuwar ma'aikaciyar jinya haifaffiyar Funtua, shugabar matan da ke raka masu taɓin hankali asibiti da kotu.

"Yallaɓai, gobe za ka kai Jibo gaban alƙali?"

"Ai ya amsa laifinsa, Sista."

Ta leƙa sel, ɗakin da aka rufe Jibo. "Jibo, kai ka sace jirgin ƙasan Funtua?"

"E."

Kurata suka tuntsire da dariya. Sufeto bai yi ba.

"Kwana uku ba magani," in ji ta. "Ka ma dubi ƙafarsa kuwa?"

Bai duba ba. Ya durƙusa ya ɗaga wandon Jibo. Gyambo ya zagaye idon sawunsa biyu, ɗanye, irin na wanda ya daɗe a cikin mari, ƙarfen nan da ake haɗe ƙafafu da shi.

Da azahar Sufeto yana ƙauyen. Bakin rumbun can sama yake, sai da tsani. Mai mari ko dokin ƙofa da ƙyar yake tsallakewa.

"Ba mu taɓa ɗaure shi ba," in ji Sanda. "Ƙaiƙayi ne."

Sufeto ya wuce maƙera. Mati maƙeri ya rantse bai san zancen ba, har sai da Sufeto ya zaro yankakken mari daga ƙarƙashin zugazugi.

"Yallaɓai, shekara biyu yana ƙafarsa. Litinin da safe Alhaji ya sa na yanke."

Da Sufeto ya koma ya nuna masa marin, Sanda ya zauna dirshan a ƙasa. "Tun kaka na sayar da dawar. Ƙannena suka ce a buɗe rumbu a raba. Na ga Jibo dai ba ya musu, kuma ba mai tambaya."

Sufeto ya sa masa ankwa, amma ya kasa yi masa tsawa. Lissafin Sanda daidai ne, kuma a teburin shi Sufeton ya tabbata.

Da kansa ya buɗe sel. Gertrude na jira da keke napep, za ta kai Jibo asibiti.

"Malam Jibo," in ji Sufeto, murya ƙasa-ƙasa, "ka yafe mini?"

"E."

Irin amsar da Sufeto ya rubuta a takarda ran Litinin ce. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, har ƙarar keken ta ɓace.