Jifan-Tsira a Gindin Mangwaro

Raudatu ta fara ganinsa ne a gindin mangwaron bayan makarantar sakandaren garinsu, makon da ta dawo hutu daga jami'a. Gero ya kai ƙugu, ƙasa tana ƙamshin ruwan safe. Samari sun kewaye wani ɗan teburi, shi kuma yana ba su labarin wani birni da aka gina a gadon bayan ƙaton kifi. Kowa da mutumin da yake wakilta a labarin. In ɗayansu ya ce zai tsallake rami, sai ya jefa ƙwayar lido mai fuskoki da yawa, a ga ko ya dace.

Tana wucewa ta ji ya ce, "Gadar ta karye. Yi sebin-turo."

Ta ja ta tsaya. "Malam, mene ne kuma sebin-turo?"

Kamaruddeen, sabon malamin Turanci da aka turo daga Bagwai, ya ɗago ya dube ta har ya manta inda ya bar gadar.

"Turanci ne, bakinmu ya murɗe shi. Jifan da mutum zai yi ya kuɓuta daga halaka."

"To ku ce jifan-tsira mana."

Ya maimaita, amma tsabar ruɗewa sai harshensa ya gajarta kalmar.

Ta rufe baki da gefen mayafi. "Ja muryar, Malam. Tsiira. Wadda ka faɗa ta shuka ce."

Hausa take karanta a jami'a, da wannan ya fake ya karɓi lambarta. Kullum sai ya turo mata wata kalmar wasan mai goyon 'yar'uwarta, wato kalma biyu a haɗe, su yi ta juya ta har ta zauna a baki. Mai ba da labari ya zama uban-tafiya. Ƙarfin da ya rage wa jarumi bayan ya sha sara ya zama sauran-rai. In ta fita tayar da tsuntsaye a gona, sai ta ga kamar shukar ce teku, ita kuma tana tsaye a kan katangar birnin nan, iska tana kaɗa ta.

Wata yamma ya rubuto: "Na samo wata harɗaɗɗiyar kalma da ba ta buƙatar fassara. Sanyin-idona."

Ta amsa: "Uban-tafiyata, wannan ba a wasa da ita."

"Ai ba a wasan na ɗauko ta ba."

Abdulbasit, mai shagon taki a kasuwar Ɗanbatta, ya daɗe yana son Raudatu. Shi ya je ya gaya wa mahaifinta, Malam Nababa, cewa malamin nan tara samari yake yi suna caca.

"Ba na ba ɗan caca 'yata," in ji Malam Nababa. "Kada in sake jin sunansa a gidan nan."

"Baba, wallahi labari ne kawai suke yi."

"Labari da ƙwayar lido? Tashi ki ba ni wuri."

Ta sanar da Kamaruddeen, ya ce ta yi haƙuri, zai san abin yi. Kwanaki suka shuɗe shiru. Sai ga saƙonsa tana tsakar sussukar gero: "Sanyin-idona, na yi ta tunani. Ina ganin raba-gari ya fi."

Taɓaryar ta kuɓuce mata. Ta kashe wayar ta shige ɗaki, abinci ma sai da Inna ta tsare ta take ci. Ranar da ta daure ta kunna don ta goge lambarsa, saƙonni suka yi ta shigowa. Na ƙarshe ta fara buɗewa:

"Raudatu, don Allah ki karanta. Kalmar nan nake nufi, ta lokacin da 'yan wasa suka rabu kowa ya kama gabansa. Ke kika ce in zaɓa tsakanin raba-gari da raba-hanya. Na so in ɗauke miki hankali daga damuwa ne. Na janye duka biyun, ba na son ko ɗaya."

Ta yi dariya hawaye na zuba. "Malamin Turanci," ta rubuta, "ka kusa ƙarar min da sauran-rai."

Ran Juma'a Kamaruddeen ya zo da kansa, ya durƙusa a zauren Malam Nababa. Bai yi musu ba, roƙo ɗaya ya yi, Baba ya zo ya gani da idonsa. Bayan la'asar dattijon ya tafi gindin mangwaro fuska a ɗaure, ya zauna nesa kaɗan. Raudatu tana leƙe ta jikin wata danga da ke kusa.

Da aka jima dattijon ya ce wa Kamaruddeen, "Me aka zuba?"

"Ba komai, Baba."

"To wa ya ci?"

"Ba a cin kowa. Ko a isa tare, ko a faɗi tare."

Malam Nababa ya matso da buzunsa. Har rana ta yi ja bai tashi ba. Da ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, "Ka turo magabatanka."

Bayan an kai amfanin gona rumbu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Malam Nababa ya ɗora hannu a kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Mata suka amsa da amin. Motar ta bi ta tsakanin gonakin da aka girbe, ta nufi Bagwai. Raudatu ta ɗan ɗaga lulluɓi ta dubi garinsu har ya ɓace, sannan ta juya ta fuskanci hanya tana murmushi.