Butar Suna a Kan Kabad

Shekara tara butar nan tana kan kabad ɗin Nagwa, a gidansu na Minya. Uwar mijinta, Hajja Insaf, ta sayo ta tun satin biki, don a kunna mata kyandir ranar sunan jika namiji. Sau uku ana suna a gidan, sau uku tulu ake fitarwa, kamar yadda ake yi wa 'ya mace a al'adar garin.

Mijin, Midhat, ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Shi ne ya yi shekara biyu yana jiranta a tashar bas da gasasshiyar masara. Sai dai tun yana saurayi abokai ke kiransa Abu Tarik, Tarik kuwa ya ƙi zuwa.

Bayan tiyatar haihuwa ta uku, likita ta ce ciki na huɗu zai iya tafiya da ranta. Nagwa ta ɓoye ƙwayoyin hana ciki a gwangwanin shayi. Suka ɓace. Da ta tambayi Midhat, a damtsenta ta samu amsa.

A asibitin mata, Midhat ke amsa kowace tambaya, har ta ranar al'adarta. Dakta Mirfat ta ja labule tsakaninsu, ta naɗe hannun rigar Nagwa, ta ga shatin duka.

"Ƙofa ce ta buge ni."

"Ƙofofin garin nan duk yatsu biyar gare su," in ji likitar ƙasa-ƙasa. "'Yata, akwai allurar wata uku. Ita ba a samunta a gwangwani. Kina so?"

Nagwa ta gyaɗa kai, hawaye na shiga mata kunne. Amma sai an yi awo tukuna, awo kuma ya ce an makara da wata biyu.

Ranar nan Hajja ta sauko da buta ta goge ta.

A wata na takwas mahaifar ta tsage. Leda shida na jini aka ƙara mata, aka cire mahaifar gaba ɗaya. Tarik ya iso lafiya lau.

Ranar suna aka kwantar da jariri cikin rariya, ana buga turmin tagulla, aka ce uwa ta tsallake shi sau bakwai. Ƙafarta ta ƙi ɗaguwa ko sau ɗaya. Midhat ya durƙusa a gaban taron mata yana kuka.

"Ki yafe mini, Ummu Tarik."

"Nagwa," ta ce. "Haka kake kirana a tashar bas."

Bai sake kai mata hannu ba. Abin da yake nema ai ya samu. Dangi suka ce haƙurinta ya biya ta, ita ma ba ta musa ba.

Gaskiya ne mai haƙuri yakan dafa dutse. Sai dai 'yan mata, kafin ku ɗora tukunya, ku tambayi wa zai sha romon.