Layi Na Huɗu

"To me yake zuba miki a kunne da ni ba na ji?!"

"Yaya, gyaran murya ne fa..."

"Gyaran murya ne yake sa ki murmushi kamar an ba ki mota?"

Auta ta sunkuyar da kai, tana murza wayar hedifon da ke wuyanta. Tun rasuwar mahaifinsu Yaya ke riƙe da ita, shi ne uwa shi ne uba. Bakanike ne, hannunsa duk baƙin mai, zuciyarsa kuwa fara tas, sai dai ga saurin hawa. Da ƙyar ya yarda ta zo sutudiyon Injiniya ta rera waƙoƙinta, shi ma da sharaɗin ƙafarsa ƙafarta.

Sutudiyon fa, kar ku ɗauka wani abin kirki ne. Ɗaki ne a bayan gidan su Injiniya, an manne bangon da tsofaffin katifu. Shi Injiniya yana zama a ɗan ƙaramin sito da na'urorinsa, sai wata 'yar taga ta gilashi tsakaninsa da masu waƙa. In ya rufe ƙofa, ko ihu ya yi ba a ji.

Mikisarsa, wato na'urar haɗa sauti, layi huɗu gare ta, ba ƙari. Na ɗaya na makirufon Auta. Na biyu na Mai Amshi, 'yar ƙanwar babarsu, wadda ta daɗe tana yi wa Injiniya kwalliya shi kuwa ko a jikinsa. Na uku kiɗa. Na huɗu shi ne wanda Injiniya ke magana da masu waƙa ta cikinsa.

Kafar hedifon kuma ɗaya ce tal. Da Yaya ya ce shi ma sai ya ji abin da ake yi, sai Injiniya ya raba wayar biyu: hagu ta tafi kunnen Auta, dama ta tafi wa Yaya da Mai Amshi. Ya kuma murɗa ɗan maɓallin layi na huɗu can ƙarshen hagu.

Kun gane ai. Duk abin da ya faɗa, Auta kaɗai ke ji.

Mai Amshi ta gano haka, ta kai wa Yaya da zafinsa, har da ƙarin gishiri.

"Ni dai na faɗa," in ji ta yanzu, tana gyara ɗan kunne. "Mutum ya yi ta motsa baki a bayan gilashi, mu shiru, ita kuwa sai lumshe ido."

"Ke, wa ya sa da ke?" Auta ta harare ta, idanunta sun ciko.

"Ya isa!" Yaya ya daka tsawa. "Ki ƙarasa wannan waƙar. Daga yau ba ke ba ɗakin nan, ba ke ba shi. Na gama magana."

Injiniya na tsaye a bakin sito, dogo siriri, ya buɗe baki zai yi magana ya kasa. Haka Allah ya yi shi. In ba makirufo a gabansa, sallama ma sai ya yi mata shiri. Ya fita tsakar gida ya wanke fuska.

Nan Mai Amshi ta ce bari ta kai masa ruwa sito.

Ta kai ruwan kuwa. Ta kuma kai yatsu biyu ta murɗa maɓallin layi na huɗu daga hagu zuwa dama, ta fito tana taku ɗai-ɗai. A ranta, yau Yaya zai ji komai da kunnensa, ya fasa gilashin nan.

Kowa ya sa hedifon. Injiniya ya shiga, ya rufe ƙofa, ya danna maɓallin ɗaukar murya, jar fitila ta kama.

Auta ta ɗaga ido ta ga bakinsa yana motsi.

Ba ta ji komai ba.

Ta daddanna hedifon ɗin... shiru. Shi ke nan, ko bankwanan ma ba za ta ji ba?

A kunnen Yaya kuwa, murya ce ke zuba a hankali.

"Autata... share hawayen, kin ji? Kar ki riƙe Yaya a rai. Gaskiyarsa ce. Mutumin da ya bar makaranta ya shiga ƙarƙashin mota don ke ki yi karatu, yana da ikon ya tambayi wa ke magana a kunnenki."

Yaya ya daina motsi.

"Na raba layin ne don in kika kauce wa kiɗa kar in gyara miki a gabansa ki ji kunya. Daga baya... daga baya na fara faɗa miki kin yi kyau. Nan ne na yi laifi. Ina son ki, hasken idona, son aure, amma ba ta ɓoyayyiyar waya ba. Zan tura masa kawuna. In ya ƙi, zan haɗa miki waƙoƙinki duka in ba shi a hannunsa, in haƙura."

Mai Amshi, da ke jin komai ita ma, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Kuma don Allah," Injiniya ya ƙara, "ki lallaɓa ki ce ya rage buga ƙafa. Duk waƙoƙin nan takalminsa ya shiga ciki. Na kasa gogewa ne, don wallahi ya fi na'urata riƙe kiɗa."

Yaya ya dubi ƙafarsa. A hankali ya janye ta ƙarƙashin kujera.

Sai ya miƙe, ya matsar da Auta gefe, ya sunkuya kan makirufonta.

"Injiniya."

A bayan gilashi Injiniya ya zabura har ruwan ya kife. Ya dubi mikisa, ya ga inda maɓallin yake, ya dafe kai.

"Na'am... Yaya..."

"Wa ka kira hasken idonka? Ni?"

"A'a! Wato... Yaya, ka yi haƙuri..."

"Shekarata arba'in ba wanda ya taɓa ce min haka." Yaya ya yi gyaran murya. "Fito nan. Irin wannan maganar ba a bayan gilashi ake yin ta ba."

Auta ta kama rigarsa. "Yaya, me ya ce? Ban ji komai ba! Don Allah me ya ce?"

"Ya ce ina buga ƙafa."

"Shi ke nan?!"

"Sauran kya ji bayan kawunsa ya zo ranar Asabar."

Auta ta toshe baki da hannu biyu, hawaye suka ɓalle mata. Ta durƙusa a gabansa. "Yayana... Allah Ya saka maka, Allah Ya bar mana kai..."

"Tashi, ni ba abin da na yi. Wanda ya murɗa abin nan za ki yi wa godiya. Da ba don shi ba, da na kori mutumin kirki."

Ban da Injiniya, mutum ɗaya ne ya shiga sito, kowa ya sani.

Auta ta miƙe, ta je ta riƙe hannun Mai Amshi, kuma wallahi da zuciya ɗaya ta yi.

"'Yar uwa, na gode. Har abada ba zan manta ba. Ke za ki yi min amshi ranar bikin."

Mai Amshi ta fizge hannunta, ta cire hedifon ta jefar kan kujera, ta suri jakarta.

"Ku nemi wata!"

Injiniya, da ya riga ya fito daga sito, ya hango jar fitilar har yanzu a kunne, ya ɗaga hannu da sauri. "A hankali da ƙofar, ana ɗau..."

Garam!