Gorar Nonon Kiptarus

Jemutai ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta raɓe can bayan jama'a a filin tseren garin Iten na ƙasar Kenya, ta janyo hula ta rufe fuska.

Ga Kiptarus, saurayinta, gwanin gudun dogon zango, tsaye gaban lasifika yana yi wa tsere bankwana, hannunsa na rawa.

Da ya daina gudu ba zato, ƙawarta Chepkirui, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kansa, ita ta raɗa mata wai an kama shi da allurar ƙara kuzari. A garin nan wane abin kunya ya kai wannan? Babanta ya rantse ba zai karɓi shanun aure daga hannun maha'inci ba. Ita kuwa baiwar Allah, ko tambayarsa ba ta yi ba, ta juya masa baya. Ashe ciwon jijiya ke cinsa, wanda likita ya ce ba ya warkewa.

Ko sau ɗaya bai ambaci ciwon ba. Godiya kawai yake jerawa, a hankali.

"Na gode wa tuddan garin nan, sun koya mini haƙuri. Na gode wa ƙafafuna, sun kai ni inda babana bai taɓa mafarki ba..."

Ya dubi jama'a, ya ci gaba.

"Na gode wa wadda take bina a keke da ruwan sha, tun ba ni da takalmi. Abin da aka faɗa mata, ko ni na ji sai na gudu. Kun kuwa san na iya gudu."

Jama'a suka yi dariya cikin hawaye. Jemutai kam da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Mahaifiyarsa ta miƙa masa gorar mursik, nonon nan mai tsami da ake tarbar ɗan tsere da shi in ya dawo gida. Yatsunsa suka kasa riƙewa, gorar ta karkace.

Jemutai ba ta san lokacin da ta keta taron ba, sai ga hannunta a gindin gorar.

"Ka yafe mini... ban cancanci godiyarka ba."

"Riƙe da kyau, masoyiyata," ya ce a hankali, "kar ki yi mini wanka da nono."

Tsohuwar ta daɗe tana dubanta, sannan ta janye nata hannun, ta bar mata gorar.